Mota Mai Ɗaki Da Zangon Da Za Ta Kwana

  Yau zancen tafiya na kawo muku, da na wata irin mota wadda Turawa suka ƙago, su ke zama cikinta kamar yadda mu ke zama a ɗakunanmu. Da yawa cikinku kun ga hotonta a waya ko a talbijin. In an hango ta daga nesa sai a ce bas ce ta haya, ko kuwa motar asibiti. Amma in an buɗe ƙofa, sai ga gado da katifa, ga murhun gas, ga famfo da ɗan wurin wanke-wanke, ga firji, ga makewayi can a lungu, har da labule a taga. Maigida yana tuƙi, uwargida tana gefensa, in ta iya ita ma ta karɓe shi ya huta. Inda dare ya yi musu, nan ne gida. Ba mu yi mata suna da Hausa ba tukuna, sabo da haka ni dai mota mai ɗaki zan riƙa ce mata.

Kun san mace in ta shiga ɗakin wata, jere ta ke fara dubawa. To, jeren wannan ɗaki abin a tsaya a kalla ne. Ko wane kabad da sakatarsa, don in mota ta faɗa rami kada kwanuka su watse. Teburin da aka ci abinci bisansa da rana, shi a ke saukewa ya zama gado da dare. Wuta kuwa daga batir ta ke fitowa, bisa rufi akwai farantin sola mai cika shi da hasken rana, irin wanda mu ke gani yanzu a gidaje da rijiyoyin burtsatse. Duk abin da ba shi da aiki biyu ba a ba shi wuri. Masu son tara kwanukan ado har rufi, sai ku yi haƙuri, wannan ɗaki ba naku ba ne.

Abin da na fi tsayawa a kansa shi ne ruwa. Motar tana da tanki na ruwa mai kyau, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da wani dabam na masai. Matsakaiciyar mota tankinta na ruwa mai kyau ya kan ci kamar lita 100, watau jarka huɗu ta lita 25. Ke uwargida mai 'ya'ya biyar, ɗan lissafa ki gani. Ga alwala sau biyar, ga girki, ga wanke-wanke, ga wankan yara. Kwana nawa jarka huɗu za ta kai ki? Ruwan dattin kuma ba rariyar da zai bi ya fice, yana nan tare da ke, kina ɗauke da shi sai kin kai shi inda aka yarda a zubar.

Don haka ne a ƙasashen da a ke yawan amfani da ita, kamar Amurka da Jamus da Ingila, aka keɓe mata filaye a bakin hanya, da kusa da kogi ko daji mai ban sha'awa. Mai mota ya shiga ya biya kuɗin kwana, a nuna masa wurinsa, ya jona lantarki, ya cika tankinsa, ya zubar da na datti, akwai mai tsaro a ƙofa. Da na karanta wannan sai na yi murmushi, na ce ashe zango ne. Har sunan ma bai yi nisa ba. Turawan Ingila suna kiran ɗakin nan mai taya karaban, kalmar kuwa asalinta daga Farisa ta ke, ma'anarta ayari.

Ayari kuwa ai namu ne. Kakanninmu fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da kirgi, su komo da goro. Madugu shi ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana sha'anin kuɗin fito da abin da a ke ba sarakunan hanya. Tafiyar wata da watanni ce, da mata a ciki, su ne masu girki, waɗansu har su yi 'yar sana'arsu ta abinci. Ba su taɓa tashi daga wani wuri ba tare da sun san inda za su sauka ba, inda akwai ruwa da ciyawa da wanda zai karɓe su. Zangon nan shi ya girma ya zama unguwa, har yau in kun je Kumasi ko Ankara a ƙasar Gana, unguwannin da Hausawa suka kafa Zango a ke ce musu.

Su Turawa nishaɗi na cikin abin da ya kai su ga wannan. A 1885 wani likitan sojan ruwa na Ingila, Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki na katako bisa taya huɗu, dawaki biyu na ja, ya zaga ƙasa da shi don jin daɗinsa kawai. Baransa yana gaba bisa keke yana duba masa hanya, kun ga shi ma da jagabansa. Da mota ta yawaita sai aka maida ɗakin bayanta. A 1959 wani Ba'amurke, Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya ja ayarin irin waɗannan ɗakuna 41 daga Keftawun, can ƙarshen Afirka ta Kudu, suka yi ta keta ƙasashe har suka isa Alƙahira a 1960.

Amma labarin da na fi so ku ji na mata biyu ne, don sun bi ta ƙasarmu. A watan Disamba 1934, Theresa Wallach da Florence Blenkiron suka tashi daga Landan bisa babur ɗaya, ƙirar Panther. An haɗa masa wurin zama a gefe, sa'an nan yana jan 'yar amalanke mai ɗauke da tanti da guzuri. Theresa shekarunta 25 a lokacin. Suka ƙetare bahar zuwa Aljeriya, suka shiga Sahara, babur yana kafewa cikin yashi suna turawa, har Agadas, daga nan suka gangaro Kano, suka wuce gabas da kudu. Ba su isa Keftawun ba sai Yuli 1935. Babu namiji tare da su, su ke gyaran injinsu da hannunsu. 'Yan makaranta masu cewa lissafi da aikin ƙarfe ba na mata ba ne, kun ji fa. Daga baya, wajen shekarun 1970 da 1980, Turawa masu yawon buɗe ido sun yi ta bin wannan hanya ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram zuwa Kano cikin motocin da su ke kwana a ciki. Rashin tsaro a Sahara ya tsinke wannan zirga-zirga.

To, da kakar bana na yi wata 'yar tafiya, daga Tsafe zuwa Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, don in gaida goggona, yayar mahaifina. Na ce bari in buɗe ido a hanya, in ga ko mu ma muna da masu gida bisa taya.

Ban ko bar Tsafe ba na gan su. Manyan motocin kaya sun jeru a bakin titi, waɗanda suka kwana nan suna jiran gari ya waye sosai. Wannan titi shi ne ya taso daga Zariya ta Funtuwa, ya bi Tsafe da Gusau da Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara har Sakkwato, sabo da haka ba ya rabuwa da tirela. Ku duba ƙarƙashin tirela wata rana ku ga. Ga tabarma a shimfiɗe, ga gidan sauro an ɗaure shi jikin ƙarfe, ga buta, ga jarka a rataye. A gefe akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, in an buɗe shi sai ga risho da 'yar tukunya da shinkafa da manja. Yaron mota yana dafa shayi, direba yana shanya rigarsa bisa ƙofa. Bayan kujerar direba akwai ɗan gado. Mutumin nan ya kan yi mako biyu ko uku bai ga ɗakinsa ba. Na san cikin masu karatun nan akwai matansu, waɗanda ke riƙe da gida da yara su kaɗai, suna sauraron ƙarar waya. Ina gaishe ku gaisuwa ta musamman.

Muka kama hanya da hantsi. An yanke gero tuni, dawa tana tsaye ta sunkuyar da kai, auduga ta fara fari, iskar hunturu ta soma busowa. Ba a daɗe ba sai ga dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama, garin yana kwance a gindinsa. Wajen nan ne a Fabrairu 1903 jama'ar Kano masu komowa daga Sakkwato suka gamu da sojan Turawa, aka yi yaƙi, Waziri Ahmadu ya rasu. Watau tun kafin a yi kwalta ƙasar nan hanya ce tsakanin manyan birane. Muka shiga Gusau, wadda jirgin ƙasa ya raya ta da cinikin gyaɗa da auduga sa'ad da aka ja dogo ta cikinta har Ƙaurar Namoda a 1929, ta kuma zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996. Nan na sauya mota. Daga Gusau zuwa Rawayya ba nisa, sai gonaki da rumbuna da 'yan mata masu tallar gyaɗa.

Na tarad da Goggo a tsakar gida bisa tabarma tana tsinkar zogale. Shekarunta sun haura tamanin, amma idonta da bakinta ƙalau. Bayan mun gaisa, na sha ruwa, an kawo fura, sai na ciro waya na nuna mata hoton mota mai ɗaki, ciki da waje. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta daɗe tana dubawa. Sa'an nan ta ce, "Ɗiyata, ina turminsu?"

Na ce, "Goggo, ai ba su daka, garinsu a takarda ya ke zuwa."

Ta ce, "To, ba su yi tafiya ba. Mu munka yi tafiya."

Ashe tana yarinya, kafin a sami mulkin kai, mahaifinsu ya ɗebi iyalinsa zuwa Makka ta ƙasa. Na daɗe da sanin ta je, amma ban taɓa jin labarin daki-daki ba sai ran nan. Daga Kano suka shiga babbar mota mai bodin katako zuwa Maiduguri, daga nan Fallomi, wadda a ke kira Njamena yanzu, daga nan Abashe, suka shiga Sudan ta Janaina. Da guzuri ya ƙare sai suka tsaya a ƙasar Jazira, kudu da Kartum, manya suna tsinkar auduga a biya su, har aka tara kuɗin gaba. Daga bakin Bahar Maliya suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Zuwa da komowa, in ji ta, sun kusa shekara uku. Waɗansu abokan tafiyarsu ma ba su komo ba, sun zauna can, zuriyarsu tana Sudan har yau.

Na tambaye ta yadda su ke kwana. Ta ce kaya a ƙasa, mutane bisa kaya, mata da yara wajen gaba, maza wajen baya. In mota ta tsaya da yamma, kafin maza su gama sauke tabarmi, mata sun riga sun ɗaura zane biyu ko uku daga jikin mota zuwa itace, ko zuwa sandar da aka kafa. Shi ke nan an yi ɗaki. Bayan zanen nan a ke sauya tufafi, a ke shayar da jinjiri, a ke wanka da ruwan da bai wuce ƙoƙo uku ba. Ta ce wata mata ma nan ta haihu, tsofaffi suka karɓi haihuwar, direba ya haƙura aka ƙara kwana. Murhu duwatsu uku ne, ko ina akwai su. Ruwa yana cikin salka, a rataye ta jikin mota, iska na bugunta, in an sauka sai a same shi da sanyi.

Guzurin kuwa ta lissafa mini shi kamar jiya ta ɗaure shi: garin gero da na dawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, kanwa, gishiri, ƙuli-ƙuli, man shanu cikin tandu. Ba abin da zai ruɓe, ba abin da zai fashe. Sai ɗan ƙaramin turmi da taɓarya, wanda aka sha rigima a kansa. Ko wane direba ya gan shi sai ya ce nauyi ne, a bar shi. Mahaifiyarsu kuwa ta ce in an sauke turmi a sauke ta. Da aka yi nisa, garin da aka taho da shi ya ƙare, aka koma sayen tsabar dawa a hanya, sai ga matan motar duka suna layi wurin turmin nan, har matar da ta fi kowa goyon bayan direba.

Na ce, "Goggo, ba ku jin tsoro? Ga daji, ga baƙuwar ƙasa."

Ta ce, "Tsoron mi? Ko ina munka sauka akwai namu. Kowane gari da zangonsa da sarkin zango. Da an ji mota ta tsaya sai ki ga mata sun fito da ruwa, suna yi muna sannu da zuwa da Hausa. Sun san inda rijiya ta ke, sun san inda ba a bi da dare. In wani ya mutu su ka yi mai sutura." Ta ce wahala kam an sha ta, ga ƙishi, ga zazzaɓi, ga ƙwarƙwata, ga mota ta lalace a yi kwana biyar ana jiran ƙarfe. Amma ba ta tuna daren da suka kwana da fargabar mutum ba.

Wannan hanya da ta bi, yau ba mai bin ta da iyali. Tun Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, Janainar da ta ke ambato da daɗin baki tana cikin garuruwan da aka fi zubar da jini. Ban gaya mata wannan ba, na bar ta da Janainarta.

Akwai wata mai gida a hanya wadda mu ke gani kullum ba mu lura, ita ce Bafillatana. In rani ya gabato aka tashi ƙaura, ita ke kwance gida ta ɗora bisa takarkari ko jaki: ƙore an jera ƙarami cikin babba an ɗaure cikin raga, ga faifai, ga tabarma, ga sandunan gado, wani lokaci har ɗan maraƙin da bai iya tafiya ba. In an isa, maza suna sha'anin shanu, ita ke kafa bukka, ta jera ƙorenta, ta hura wuta, kafin dare gida ya tsaya. Injiniyoyin da ke ƙera mota mai ɗaki, da sun zauna da ita wuni ɗaya da sun ƙaru. Ita ma fa tafiyarta ta dogara ga abu biyu, burtali da mashaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma jama'a ta ƙaru, gonaki sun ci burtali a wurare da yawa, rigimar manomi da makiyayi ta yi ta tsananta. Ni da na koyi aikin malanta, 'yarta na ke tausayi. An kafa hukumar ilmin makiyaya ta ƙasa a 1989 don a bi yaran nan da makaranta, amma yarinyar da ke nan yau, gobe tana wani daji, da wuya ta haɗa aji shida.

Muna cikin hira, azahar ba ta daɗe da yi ba, sai yaron da ya kawo ni ya aiko a ce in fito, in ba haka ba sai gobe. Ba wanda ya yi mamaki a gidan. Duk wanda ke Zamfara ya san dalili. Tun wajen 2011 satar shanu ta fara girma, har ta zama ta mutane. A Fabrairu 2021 aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, Allah ya sa aka sako su farkon Maris. A Satumba na shekarar nan aka rufe layukan waya da kasuwannin mako na jihar har tsawon wani lokaci. Yanzu direba yana tuƙi yana duban rana. Direbobin da na gani a Tsafe, abin da ya kwantar da su cikin gari ke nan, ba gajiya kaɗai ba. Da za a ba ni mota mai ɗaki kyauta yau, da firjinta da labulenta, a wace inuwa zan tsaya da ita tsakanin Tsafe da Bunguɗu in rufe ido?

Ga kuma masu ɗauke da gida a ka. Kun gan su a Gusau da Tsafe, matan ƙauyukan da aka tasa, Hausawa da Fulani duka, don wutar nan ba ta zaɓi kowa ba. Suna zaune a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba. Na taɓa tambayar wata abin da ta ɗauko daren da suka gudu. Ta ce goyo, da tukunya ɗaya, da zane. Da ta isa inda za su zauna, zanen nan ta fara ɗaurawa a ƙofar da ba ta da ƙyaure, kamar dai yadda matan motar su Goggo suka yi. In irin waɗannan suka yi sallama a ƙofarki, uwargida, ki tuna matan da suka fito wa su Goggo da ruwa a ƙasar da ba tasu ba.

Kada kuma ku zaci duk Baturen da ke cikin mota mai ɗaki mai jin daɗi ne. Akwai masu hali, tsofaffin ma'aikata da suka huta, in sanyi ya shigo arewacin Amurka su gangara kudu, dubbai su taru a hamadar Arizona wajen wani ƙaramin gari, Quartzsite, su yi watanni, irin cin rani dai amma na hutu. Akwai kuma waɗanda tilas ta sa. Bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 mutane da yawa sun rasa gidajensu, waɗansu tsofaffi, mata a cikinsu, suka koma cikin tsofaffin motoci suna bin aikin ƙodago daga jiha zuwa jiha. Wata marubuciya, Jessica Bruder, ta bi su ta rubuta littafi a kansu a 2017, aka yi fim da shi a 2020. Babban abin da ke damunsu shi ne inda za su tsaya. Kuɗin fili kullum ya fi ƙarfinsu, in kuwa suka raɓe a bakin titi, tsakar dare sai a ƙwanƙwasa taga a ce su tashi.

Ƙera motar dai ba zai gagari mutanenmu ba. Masu walda da kafintocin Gusau da ke gina bodin manyan motoci, in an ba su tsohuwar bas da hoto, za su fitar da ita. Na kan yi tunanin amfanin da za ta yi in ƙasa ta kwanta: ungozoma ta zaga ƙauyuka da ita ta kwana inda aiki ya kama, ko malama ta bi rugage da allo da littattafai, ɗakinta yana tare da ita.

Amma kafin a kai can akwai abin da ya fi kusa. In kun tambaye ni abin da na fi sha'awa cikin motar nan duka, ba firji ba ne, makewayin nan ne na lungu. Ku faɗi gaskiya, wace ce cikinmu ba ta taɓa ƙin shan ruwa tun asuba ba don za ta yi doguwar tafiya? Mota ta tsaya, maza su sauka su zaga bayan gini, mata kuwa mu zauna mu daure, da mai ciki da mai goyo da tsohuwa. A yi tafiyar awa biyar ko shida cikin zafin bazara ba a kurɓi ruwa ba, a isa da ciwon kai. Likitoci suna gargaɗi cewa riƙe fitsari da ƙarancin shan ruwa suna jawo ciwon mara da na mafitsara, mata kuwa sun fi saurin kamuwa. Ina roƙon hukumomin da ke kula da tashoshin mota, da shugabannin direbobi, su dubi wannan. Makewayi mai ƙofa da sakata, na mata dabam, da randa ko famfo, da 'yar rumfar da mace za ta yi salla ta shayar da ɗanta, da wata dattijuwa mai kula da wurin ana ba ta ɗan abin hasafi. Ba sai an jira kuɗi daga Abuja ba. Ƙungiyoyin mata na unguwa da na Islamiyya, ku ma kuna da baki, in kun je a ƙungiya za a saurare ku.

Kafin a yi wannan, ga dabarar Goggo ga mai tafiya. Kada ki rabu da zane na biyu a jaka, babba mai kauri, da buta ƙarama. Ku haɗa kai da matan da ke cikin motar tun a tasha, ko ba ki san su ba, in an tsaya ku sauka tare, biyu su riƙe zane. Ki sha ruwanki. Guzuri kuma ya zama busasshe, kada ki dogara ga abin da za ki saya ta taga.

Da na tashi tafiya Goggo ta ce in dakata. Ta aiki jikarta ɗaki, sai ga ta da ɗan turmi, baƙi wuluk don tsufa, bakinsa ya cinye, an ɗaure tsagewar gefensa da waya. Ta ce shi ne. Ya je Jidda ya komo, yanzu yaji a ke dakawa a ciki. Na ɗaga shi, bai fi nauyin jariri ba. Ta cusa mini ƙullin daddawa da kuka a jaka, ta raka ni har zaure tana cewa in gaida mutanen Tsafe, in kuma buga waya da na sauka. Muka isa Gusau rana tana sama, na sami motar Tsafe ta ƙarshe saura mutum biyu ta cika.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku yadda a ke haɗa garin kunun tafiya da dakuwa mai yin mako biyu ba ta lalace ba, kamar yadda Goggo ta koya mini. Wassalam.